Ɓauren da Babu Ƙwaro a Ciki

Tun ranar da Mardiyya ta ce ba ta son Abdulaziz, gidan mahaifinta Malam Yasin ya shiga neman abin da ya same ta. Ita dai babu wanda ya tambaye ta.

A ganin gidan, mace mai hankali ba ta ƙin mutumin da manyan motocinsa ke kai albasa Abijan, balle ta ƙi shi saboda mai gyaran injin ban ruwa. Mardiyya kuwa mai hankali ce, tunda har gwamnati ta ba ta aji a lakwal, makarantar bokon Tamaske, tana karantar da 'ya'yan mutane. Ke nan wani ne ya taɓa hankalin.

Mai gyaran injin shi ne Zakariya'u. Ba a taɓa kama shi da wani laifi ba, wanda hakan ya ƙara wa mutane shakka. Aibinsa guda ne: jikan Takawa ne, mutum na ƙarshe a unguwar da ya yanka baƙar akuya a kan dutse don roƙon ruwan sama. Takawa ya musulunta kafin ya rasu. Unguwa ta yarda ya musulunta, ba ta dai yarda ya manta ba. Kakannin sauran mutanen unguwar su ne masu riƙe masa ƙafafun akuyar, amma wannan ba a cika tayar da shi ba.

Gwaggo Cima, yayar Malam Yasin, ita ta ɗauki binciken. Tun rasuwar mijinta ta dawo gidan ƙanenta da zama, kuma tun lokacin babu abin da ya sake ɓacewa a gidan ba tare da an san wanda za a zarga ba.

Wata ranar Laraba ta bi Mardiyya a baya daga lakwal. Ta ga ta wuce famfon unguwa, ta waiga dama da hagu, ta tattare zaninta, ta shige ta wata ɓaraka a katangar kangon Takawa.

Da Mardiyya ta iso gida, Gwaggo na zaune a tsakar gida tana jiran ta, mahaifiyarta Inna Furera a gefe, idonta har ya kawo ruwa tun ba a fara ba.

"Buɗe jikkag ga," in ji Gwaggo.

"Littattahan yara na ciki, Gwaggo."

"Na ce ki buɗe. Ni ma ina son karatu yau."

A ƙarƙashin littattafan akwai wasu 'ya'yan itace a naɗe cikin takarda. Kowanne ya kai ƙwan zabuwa, bayansu ja-ja ne mai duhu, wuyansu siriri, wani ya tsage yana ɗigar da ruwa mai danƙo.

"Mi na na wanga?"

"Ɓaure na."

"Ɓauren wa?"

"Ban sani ba, Gwaggo. Cikin kango ya hito da kainai."

Sai ta ba su labari, tunda ba ta ga abin ɓoyewa ba. Akuyar Inna ce ta taɓa shigewa kangon, ta bi ta. A kusurwar da ruwan famfo ke tsatsowa ta ƙasan katanga ta ga itace bai fi tsayin mutum ba, ganyensa faɗi-faɗi masu yatsu kamar tafin hannu. Ba ganyen ɓauren da ta sani ba ne, ba na cediya ba, ba na durumi ba. Tsuntsaye sun fara huda wasu 'ya'yan. Ta ce a ranta abin da tsuntsu ya ci bai mutu ba, ita ma ba za ta mutu ba. Ta tsinki guda, farin ƙaro ya biyo yatsanta kamar na ɓaure. Da ta sa a baki sai ta ji zaƙi irin na zuma, da laushi, da ƙananan ƙwayoyi suna fashewa a haƙori. Ta ci har ta manta akuyar.

"Kin ji ko, Hurera?" in ji Gwaggo. "Ta manta akuya."

Ta ɗauki guda da yatsu biyu, ta tsaga shi. Cikinsa ja ne wur. Ta kusanto da shi ido, ta juya shi ga hasken rana, ta tona da farce. Ta ajiye, ta tsaga wani. Ta tsaga na uku.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Mi ag ga ciki, Yaya?" in ji Inna Furera.

"Babu komi. Shi na abin! Tun ina yarinya nike cin ɓaure, ke ma kin ci. Kin taɓa tsaga ɓaure ba ki hura ƙwari kin zubar ba? Ɓauren Allah da ƙwarinai yake zuwa. Wanga ko ƙwaro guda bai yarda ya shiga ba. Abin da ƙwaro yag guje ma, shi ɗiyarki ka ci kullum."

Inna Furera ta ɗora hannu a ka, kukan da take tanadi ya samu hanya.

"Kangon wa na? Na Takawa. Wa ka son ta? Jikan Takawa. Ni ban yi lakwal ba, amma wanga hisabi ban buƙatar alli."

"Gwaggo, itace na kawai."

"Yaushe kinka hwara ci?"

"Bara, da zahi."

"Yaushe kinka hwara jin yaron ga cikin ranki?"

Mardiyya ta so ta ce tun da daɗewa. Amma Zakariya'u a unguwar ya tashi, tana ganin sa tun suna yara yana wucewa da baƙin mai a riga, ba ta taɓa jin komai ba. Bara ne, da zafi, ta fara lura da yadda yake sunkuyar da kai idan zai gaishe ta. Kafin ɓauren ne ko bayansa? Ta nemi ranar a ranta, ba ta same ta ba.

Shirun nan ya fi wa Gwaggo kowace amsa daɗi.

Washegari da la'asar Mardiyya ta bi ta hanyar lambuna. Ta iske Zakariya'u durƙushe a bakin rijiya, ya zazzage cikin wani inji a kan buhu. Da ya gan ta ya miƙe yana goge hannu, fuskarsa ta washe. Ita ba ta yi murmushi ba.

"Metres, lahiya?" in ji shi, yadda ake kiran malamar lakwal.

"Zakariya'u, tambaya guda za ni yi maka. Don Allah kak ka yi man ƙarya."

"Na taɓa yi maki?"

"Ban sani ba. Yanzu ban san komi ba. Kai ka shuka itacen da ke cikin kangonku?"

"Wane itace?"

"Ɓauren."

"Akwai ɓaure cikin kangonmu?"

Ta zuba masa ido. Da ya firgita, da ta ce mai laifi ne. Da bai firgita ba, sai ta ga ai haka mai laifin da ya ƙware zai yi.

"Kangon kakanka na. Ƙaƙa za ka ce ba ka sani ba?"

"Mardiyya, rabona da shiga wurin nan tun ina da wandon yara. Innata ta hana mu. Ta ce duk wanda anka gani nan, a ce ya tahi gaida kakanai. Mun bar gida guda yana rushewa don mutane su bar mu. Ashe ba su bari ba."

Ta gaya masa duk abin da Gwaggo ta ce, har da maganar ƙwari. Ya saurara, hannunsa riƙe da tsumma. Da ta gama ya yi wata 'yar dariya wadda babu daɗi a cikinta.

"Wato ni da ban iya sa injin ga shi tashi ba tun sahe, ni na iya sa itace shi tsiro shi kama man mace."

"Kak ka yi dariya."

"To mi zan yi? Ke kin yarda?"

"Ban ce na yarda ba."

"Ba ki ce ba ki yarda ba."

Hawaye suka zubo mata. Ta goge da gefen mayafi, wasu suka biyo.

"Ka san abin da ad damuwata? Jiya na kwanta ina tuna ka, sai nij ji tsoro. Na ce wanga tunani nawa na ko na itace na? Da, in na tuna ka sai in ji sanyi. Yanzu ko sanyin ban yarda da shi ba. Gwaggo ta ɗauke man abin da nike da shi, ko hannu ba ta sa ba."

"Ni na san ranar da nif fara son ki," in ji shi a hankali. "Ban ci komi ba ranan, ko hura ban sha ba."

"Wannan kai na. Ni hwa?"

Ya duƙa ya ɗauki wani ƙarfe, ya juya shi, ya ajiye.

"Ki bar ci. In son ya hita tare da ɓauren, ki auri mai albasa, Allah shi ba ku zaman lahiya. Ba ni son macen da za ta riƙa dubana tana tambayar kanta mi nib ba ta."

"Haka za ka ce man?"

"To in ce mi? In rantse? Jikan Takawa in ya rantse, cewa za su yi da wa ya rantse."

Ta juya ta tafi tana kuka. Bai bi ta ba. A hanya ta ga rashin biyo tan ma abin zargi ne: mai gaskiya ai da ya biyo. Kafin ta kai gida kuma ta ga mai ƙarya ne zai biyo.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Abdulaziz ya zo gidan da gatari. Sabo ne, daga bitik ya sayo shi, ko takardar jikin ƙotar ba a ɓamɓare ba. Labarin ya riga ya kai masa ta bakin Gwaggo, wadda ta ce ba ta gaya wa kowa ba sai shi da matan famfo.

Malam Yasin ya sa aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka kawo shayi. Mutum ne mai jinkirin magana, irin wanda mata biyu masu ƙarfin murya suka koya wa amfanin shiru. Ya kira yayarsa da matarsa da ɗiyarsa. 'Ya'yan ɓauren da suka rage suna gabansa a faranti.

"Baba, ba sai an wahala ba," in ji Abdulaziz, yana ajiye kofin shayi. "Ku ba ni izini in sare shi yanzun ga, a ƙone saiwa. Mardiyya ta sha rubutu, ta dawo cikin hankalinta. Ni ban riƙe ta da komi ba, ba laihinta na ba."

"Allah shi saka," in ji Mardiyya, ba ta dube shi ba.

"Itace ba shi da wuyar sara," in ji Malam Yasin. "Amma in munka sare shi, mun ce yaron ga matsahi na gaban gari duka. In gaskiya ta, to, ba shi ƙara taka ƙohwar gidan ga. In ba gaskiya ta ba, mun yi ma Musulmi ƙazahi, kuma ni za a tambaya ran gobe, ba ku ba."

"To ƙaƙa za a sani?" in ji Inna Furera.

"Yaya ta ce wanda duk yac ci, zuciyatai na karkata ga yaron. Sai wani shi ci, mu gani."

Kowa ya sami abin kallo a bango.

Mardiyya ta tura farantin gaban Abdulaziz.

"Bismilla, Alhaji. Kai ne ba ka tsoron kowa."

Abdulaziz ya dubi farantin. An ga tunanin yana ratsa fuskarsa: shi, da motocinsa, ya wayi gari yana begen mai gyaran inji.

"Azumi nike yi," in ji shi. "Nahila."

Duk suka dubi kofin shayin da ke gefen gwiwarsa.

"Yanzu nid ɗauki niyya."

"Ku dube su!" in ji Gwaggo Cima. "Maza ke nan. Ba ni nan. Ni Cima, tun ina goye anka dahwa ni, babu sammun da ka kama ni. In ya kama ni kuwa, to ku san ba ƙaramin abu na ba."

Ta ja farantin, ta yi bisimilla da ƙarfi yadda za a ji a maƙwabta, ta tofa, ta jefa guda a baki. Ta tauna da fuskar mai shan maɗaci. Can sai taunar ta yi sanyi. Idonta ya ɗan lumshe. Ta haɗiye, ta ɗauki na biyu.

"Guda ya isa, Yaya," in ji Malam Yasin.

"In za a gwada a gwada da kyau."

"Ƙaƙa kinka ji shi?" in ji Inna Furera.

"Zaƙin ƙarya," in ji Gwaggo, tana lasar yatsa.

Malam Yasin ya ce a bar shi ya kwana a jikinta. Gobe da la'asar a kira Zakariya'u, Gwaggo ta dube shi ta faɗi abin da ta ji. In ƙiyayyar tana nan, itace ba shi da laifi. In ta ji zuciyarta ta yi taushi, Abdulaziz ya sare.

Kowa ya amince. Sai bayan an watse ne Mardiyya ta ga Gwaggo zaune a bakin ɗakinta tana lissafi da ido, leɓenta na motsi. Gwaggo ta gane abin da ita ma ta gane: duk wanda yake son raba auren nan, hanya guda ta rage masa, ita ce Gwaggo ta ce ɓauren ya kama ta.

Washegari Zakariya'u ya zo cikin farar riga wadda bai saba da ita ba. Ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa a bakin tabarma. Bai dubi Mardiyya ba. Abdulaziz na jingine da bango, gatari a tsakanin ƙafafunsa.

"To, Yaya," in ji Malam Yasin. "Ga shi nan."

Gwaggo Cima ta ɗago kai. Ta dubi Zakariya'u tun daga hula har yatsun ƙafa. Sannan fuskarta ta yi wani abu da babu wanda ya taɓa ganin ta yi a gidan nan. Ta yi murmushi.

"Zakariya'u, ɗana," in ji ta da murya mai laushi. "Matso kusa gare ni. Ka ci abinci kuwa? Dubi yadda ka rame. Wallahi... a'a, ba sai na ce wallahi ba. Jiya ban yi kwana ba, kai nike ta gani. Yaro mai kunya, mai ladabi. Ni da ina da ɗiya, kai zan ba."

Inna Furera ta fasa ihu. "Ya kama ta! Ya kama Yaya!"

Abdulaziz ya miƙe da gatari.

Zakariya'u ya zauna kamar an dasa shi. Tunda yake zuwa ƙofar gidan nan, wannan ce magana mai daɗi ta farko da wani babba ya yi masa, kuma ita ce za ta kore shi.

Mardiyya na kallon Gwaggo. Ƙarya ce, ta sani. Amma in ba ƙarya ba ce fa? Murmushin ya zauna a fuskar tsohuwar kamar can ne gidansa. In har abin ya iya juya Gwaggo Cima a kwana guda, ita da ta shekara tana ci, me ya rage nata a cikin ƙirjinta?

Ba za ta iya zama da wannan tambayar ba, ko da wa ta aura.

"Baba," in ji ta, hawaye na bin kumatunta. "Kahin a sare, a kawo Alƙur'ani. Gwaggo ta dahwa, ta maimaita abin da tac ce. In ta maimaita, ni da bakina zan ce ma Zakariya'u shi tahi, kuma ba ni ƙara kiran sunanai."

Murmushin Gwaggo ya tsaya a inda yake, amma idanun sun bar shi.

"Ke, ni za ki sa rantsuwa? Ni da nig goya ubanki?"

"Maganar yarinya ba ta yi muni ba," in ji Malam Yasin. Ya miƙa hannu kan alkuki, ya sauko da gafaka, ya ajiye a kan buzu a tsakiyar zaure. "Mutuncin mutum za mu sara, Yaya. Gara mu tabbata."

"Ba ni da alwalla."

"Buta na cike. Muna jira."

Gwaggo ta tashi a hankali, ta ɗauki buta, ta shige cikin gida. Suka ji ƙarar ruwa. Ruwan ya tsaya. Ya sake zuba. A tarihin gidan ba a taɓa alwala mai tsawon wannan ba. Abdulaziz ya gaji da riƙon gatari ya jingine shi. Inna Furera ta daina kuka don ta ji motsi. Mardiyya ta ƙura wa ƙofa ido, ba ta ko ƙiftawa.

Da Gwaggo ta dawo, ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunta. Ta tsaya a gaban gafakar. Ta miƙa hannu, ya kusa, ta janye shi ta ɓoye a cikin zani.

"Ba ni son shi," in ji ta, da muryarta ta kullum. "Ban taɓa son shi ba. Na kwana, na tashi, na dube shi, ko ɗigo bai ragu ba. Kunnuwanai ma haushi su ka ba ni. To, kun ji. Sai ku yi abin da kunka ga dama."

Mardiyya ta kife fuska a cinyar Inna tana kuka, kafaɗunta na girgiza. Ba ta taɓa zaton ƙiyayya za ta yi mata daɗin ji haka ba.

"Alhaji, ka maida gatarinka bitik, ko sun karɓa," in ji Malam Yasin. Ya juya ga Zakariya'u. "Kai kuma, ka ce ma manyanka su zo su same ni."

Zakariya'u ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, ba Malam ya duba ba, ba Mardiyya ba. Tsohuwar ya duba, wadda ke hararar sa kamar ta cinye shi ɗanye.

"Na gode, Gwaggo," in ji shi.

"Kak ka ƙara ce man Gwaggo," in ji ta. Ta sunkuya ta ɗauke farantin da sauran ɓauren, ta shige ɗakinta da shi, ta ja ƙofa.